Kiwon kaji a gida: a tsare waɗanda aka ƙyanƙyashe kafin a sayo wasu

Darasinmu na yau a kan kaza ne. Mun san mai shanu da tumaki ba shi cika lissafa kaza cikin dukiyarshi ba, ya bar ta ga mata da yara. Amma in baƙo ya sauka, ko yaro ya kwana da zazzaɓi ana neman kuɗin magani, ko an koro ɗan lakkol don littafi, ba saniya ake kamawa ba, kaza ce. Ita ce asusun da ake buɗewa ba shawara, ba jiran ranar babbar kasuwa.

To ga tambaya. Me ya sa gidan da ke da kaji biyar bara, bana ma biyar ɗin ne, ko ma babu ko ɗaya? Mu yi lissafi. Kazar gida tana yin ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, kuma tana yin haka sau 3, wata sau 4, cikin shekara. A ce, uwargida, kina da kaji mata 5, kowace ta fito da ƴan tsaki 10 sau 3. Ƴan tsaki 150 ke nan cikin shekara guda. Ina suke? Ba ki sayar ba, ba ku ci ba. Wasu shirwa ta ɗauke, wasu sanyi da yunwa suka kashe tun ba su yi gashi ba, waɗanda suka girma kuma annoba ta kwashe su cikin ɗari. Ashe matsalar ba ta rashin iri ba ce. Kaza tana yin nata aiki, mu ne ba mu tsare abin da ta ba mu. Kuma hasarar nan kusan duka ƙofa biyu take bi ta fita: annobar lokacin sanyi, da watanni biyun farko na ɗan tsako.

Annobar da ke share gari

Kowa ya san ta ko bai san sunanta ba. Likitoci suna ce mata ciwon Niyukasal. Kaza ta takure, fukafukai sun zubo kamar ta yafa riga, tana gyangyaɗi, tana buɗa baki don numfashi. Kashinta shi koma ruwa-ruwa, kore. Wata kai shi kumbura, wata wuya shi murɗe tana ta juyi wuri ɗaya. Yau biyu sun mutu, gobe biyar, kafin mako shi zagayo akurki ya zama wayam. A ƙasarmu ta fi tashi in iskar ɗari ta buso, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko da yake cikin zafin bazara ma ana ganinta. Tana kama zabi da tantabaru. Agwagwa kuwa tana iya ɗaukar ciwon tana yawo da shi ba ta nuna komi ba.

Mu faɗa muku gaskiya: in ta shiga jikin kaza, ba ta da magani. Kafso mai ja da rawaya da ake saye wajen masu tebur a kwance cikin ruwa ba shi kashe ta, don irin ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin wannan magani. Tonka da ɓawon maɗaci da iyayenmu ke jiƙawa su ma ba su tsayar da ita. In kun ga kaza biyu sun tsira bayan an ba su jiƙo, da ma cikin kowace annoba akwai masu sauran kwana. Ku ƙirga waɗanda suka sha jiƙon suka mutu.

Abin da ke tare ta shi ne rigakafi, kuma iri biyu ne aka fi sani a ƙasashenmu. Akwai na allura, kamar wanda ake kira ITA-NEW, rabin mililitar ga kowace kaza, shina tsare ta wajen wata 6. Akwai na ɗigawa a ido, ana ce mishi I-2, ɗigo guda ga kowace kaza, babba ko ɗan tsako, a maimaita kowane wata 4. Wanga na biyu ya fi jure zafi, shi ya sa ya dace da ƙauyen da ba firiji, amma ban da a bar shi cikin rana ko cikin aljihu yini guda. Ku tambayi ma'aikacin gidan dabbobi na komin ɗinku, ko mataimakin likitan dabbobi na yankinku, wane ne ke hannunsu. Kuɗin kaza guda galibi bai wuce kuɗin ƙwai ɗaya ba.

Inda mutane ke kuskure shi ne lokaci. Rigakafi shina buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikin kaza shi yi ƙarfin tare ciwon. In kun jira sai kajin maƙwabta sun fara faɗuwa kana ku aika a kira mai allura, kun makara: mai yiwuwa naku sun riga sun ɗauka, za su mutu bayan allurar, sai gari shi ɗauka cewa allura ce ta kashe su. Daga nan shekara mai zuwa ba wanda za shi yarda. Saboda haka ba a yi wa kaza marar lafiya rigakafi, ba a kuma yin shi a unguwar da annoba ta riga ta shiga. Lokacinshi shi ne kaka, da an gama yankan hatsi, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, sanyi bai sauko ba. Sannan a sake kafin ƙarfin na farko shi ƙare.

Abu na biyu, kwalba guda ta kaji da yawa ce, kamar ɗari, kuma in an buɗe ta ba a ajiye saura zuwa wani mako. Ma'aikaci ba shi iya buɗe kwalba don kajinki shida. Ku haɗa kai, matan unguwa ko na ƙungiya, ku ƙirga kajinku, ku sanar da mai gari, a tsai da rana. Daren ranar kowa shi rufe kajinshi, kar a sake su da safe sai an gama. Mun sha ganin mai allura ya iso da hantsi, kaji sun watse cikin gari, yara suna ta tsere da su, a kama uku a bar bakwai. Bakwai ɗin nan su ne za su jawo ciwon.

Ta ina take shigowa? Galibi da hannunmu muke kawo ta. Kazar da aka sayo kasuwa, kazar da aka ba amarya ko maijego kyauta, har da taku da kuka kai kasuwa ciniki bai faɗa ba kuka maido. Duk ta zauna cikin kajin garuruwa goma. Irin wagga kaza a ware ta nesa da sauran, ƙarƙashin kwando ko ɗaure a wata kusurwa, da nata ruwa da nata abinci, har mako biyu. In ta wuce lafiya, a sake ta. Ku yi hattara da kaji masu araha cikin ɗari: sau da yawa mai su ya ga ciwo ya shigo gidanshi ne shike neman rabuwa da su. Ku ma kar ku yi wa wani haka. Wadda ta mutu kuma kar a jefa ta bayan danga ko kan juji, kare da angulu su ja ta gida gida. A haƙa rami mai zurfi a rufe ta, har da gashinta, ko a ƙone.

Ɗan tsako da watanninshi biyu

Hausawa sun ce kaza mai ɗiya ke gudun shirwa. Amma gudun nata bai isa ba. Tana fita da su tun asuba cikin raɓa, ta bi juji, ta bi gona, ƙafarta doguwa tasu gajera. Na baya shi gaji, shirwa ta sure. A gidaje da yawa rabin ƴan tsaki, ko fiye, ba su kai wata biyu.

Dabarar ba ta da tsada: kar a bar su yawo. Ku samu babban kwando mai ramuka, ko ku kafa ɗan shinge na karan hatsi ko ragar waya, taki biyu kowane gefe, a rufe sama da zana ko ƙaya, a cikin inuwa. Uwa da ɗiyanta su zauna ciki mako 4 zuwa 6. In kwando ne, a riƙa gusa shi kullum zuwa wuri mai tsabta. Da dare a shigar da su wurin da iska ba ta bugu, a shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko ɓawon gujiya busasshe. Ɗan tsako bai iya riƙe ɗumin jikinshi ba sai ya yi gashi, shi ya sa ƙyanƙyasar tsakiyar ɗari da ta tsakiyar damana suka fi mutuwa.

Amma wanda ya tsare ɗan tsako ya ɗauki nauyin cikinshi. A ba su tsakin hatsi ko na dawa ko na masara, a haɗa da ɗan ƙuli-ƙuli dakakke, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, da garin busasshen kifi in akwai, da yankakken ganyen zogala. Kaɗan-kaɗan, sau 3 ko 4 a yini. Tsaki kaɗai shina cika ciki amma ba shi gina jiki. Abin da ke gina jikin ɗan tsako shi ne ƙwari, kuma mafi sauƙin samu gara ce. Ku ɗauki tsohuwar tukunya, ku cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumma, ku yayyafa ruwa, ku kife ta da marece inda gara ke fitowa, ku rufa mata buhu don kar ta bushe. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi gara ta koma ƙasa, ku ɗauko ku zazzage musu. Wanga aiki ne da yaro ɗan shekara goma ke iya riƙewa. Sai dai a kafa tukunyar nesa da rumbu da ɗakin kwana, kar garin neman abincin kaji a kira wa gida ɓarna.

Ruwan ƴan tsaki a zuba shi cikin faranti marar zurfi, a sa tsakuwa ciki, don suna faɗawa cikin kwano su jiƙe su mutu. In sun kai mako shida aka raba su da uwar, za ku ga wata riba: ba ta daɗewa take komawa ƙwai, maimakon ta yi wata uku tana jan su.

Ruwa da ɗan ƙarin abinci

Manyan kaji suna kiwon kansu, gaskiya ne, amma abin da suke samu ya danganta da lokaci. Da kaka ga zubabben hatsi a masussuka, da damana ga ƙwari da ɗanyen haki. Cikin bazara fa? Ƙasa ƙeƙasasshiya, ba komi. Sannan ne ya kamata kowace kaza ta samu cikin tafin hannu guda na dussa ko hatsi a yini, rabi da safe rabi da marece. Na marecen a riƙa ba su shi bakin akurki. Kwana kaɗan za su saba, rana na faɗuwa su kawo kansu, kun huta da kora. Dussa a ɗan jiƙa ta don kar iska ta kwashe, amma gwargwadon abin da za su cinye nan take. Hatsin da ya yi funfuna da ƙuli-ƙulin da ya ruɓe ba na kaji ba ne, akwai dafi cikinsu mai lalata hanta. Masu yin ƙwai a ƙona musu ƙashi a daka, ko ɓawon ƙwai a gasa a niƙe, don ɓawon nasu shi yi ƙwari.

Ruwa kuwa shi ne abin da aka fi mantawa. Kaza tana bin bakin randa da kwatar wanka tana shan ruwan sabulu, mu kuma muna cewa ta sha. Cikin zafi kaji 10 suna shanye litar 2 zuwa 3 a yini, kuma wadda ta yini da ƙishirwa tana yanke ƙwai. A yanka tsohon bido ko a kafa kasko cikin inuwa, a wanke shi kowace safiya, kar shi rabu da ruwa.

Wurin kwana

Kazar da ke kwana bisa icce ko ƙarƙashin rumbu ta muzuru ce da tunku da ɓarawo, kuma ranar rigakafi ba ta kamuwa. Wadda ke kwana ɗaki ɗaya da yara ita ma ba daidai ba ne, don lafiyar yaran. Sai dai akurkin da muka saba ginawa, ɗan ƙarami mai ƙofa kamar bakin tulu, shina da aibi: iska ba ta shiga, hannu da tsintsiya ba su kai ciki. Wurin da ba a iya sharewa gidan ƙwari ne.

In za ku gina, ku ɗaga shi yadda mutum za shi iya sunkuyawa shi shiga. A bar ƴan tagogi sama kusa da rufi, a toshe su da ragar waya ko ƙaya. Ƙofa kar ta dubi gabas, don daga can ruwan damana ke bugowa, iskar ɗari ma daga gabas maso arewa take. A gitta sanduna ciki, tsayin gwiwa ko ɗan fi, kowace kaza ta samu wajen taki guda na hannu, don kaza bisa take son kwana. A shafe bango sumul. Kaskar kaji da ƙananan ƙwarin da ke shan jininsu cikin tsagar bango suke ɓoyewa da rana, su fito da dare. In kun ga kaji sun ƙi shiga akurkin da suka saba, ko kaza ta tashi daga kan ƙwai ta bar su, ku shiga da tocila da dare ku duba tsagogi da ƙarƙashin fukafukai. A share, a liƙe tsagogi da laka, a shafa farar ƙasa, a barbaɗa toka. A kuma tara musu toka da rairayi a wani lungu mai inuwa su riƙa birgima, wankansu ke nan. In abin ya yi yawa ku nemi hodar da ta dace wajen ma'aikaci. Maganin ƙwarin gona da na rumbu kar a zuba wa kaza.

Shara sau ɗaya a mako ta isa. Kashin kuma kar a zubar, taki ne mai ƙarfi. A tara shi rami shi huce tukuna, don ɗanyenshi shina ƙona shuka, sannan a kai garka.

Kwanci

Kowace kaza mai ƙwai a ba ta nata gurbi, tsohon kasko ko kwando a wuri mai duhu, da ɗan rairayi da toka a ƙasa, ciyawa a bisa. Kar a bar mata ƙwai fiye da abin da za ta rufe: 10 zuwa 12 sun isa, ƙaramar kaza 8. Ƙwan da ya wuce kwana goma da yi, balle cikin zafi, da wuya shi ƙyanƙyashe. Saboda haka ku riƙa sa wa kowane ƙwai alama da gawayi, in ta kwanta a bar mata na baya-bayan nan, na farkon a dafa wa yara. Wanga ba hasara ba ne, da ma ruɓewa za su yi ƙarƙashinta. Bayan kwana 7 zuwa 10 da kwanci, a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai ɗa za ku ga duhu da jijiyoyi ciki, wanda ya fito fes ba komi sai a cire. A ajiye mata ruwa da hatsi kusa don kar ta daɗe a waje.

Ƙwan kaza kwana 21 shike yi, na zabuwa 26 zuwa 28. Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damana, ku lura da wannan: in za a haɗa, na zabi shi riga shiga da mako guda, in ba haka ba tana ganin ɗiyanta sun fito za ta tashi ta bar sauran. Ƴan zabi kuma sun fi ƴan tsaki rauni wajen raɓa da tsutsar ciki. A tsare su sai rana ta busar da haki. Maganin tsutsa na kaji da na zabi akwai shi ƙwaya-ƙwaya, a ba su farkon damana da ƙarshenta, ma'aikaci shi gwada muku adadin.

Zakara guda ya ishi kaji mata 10. Sauran zakaru faɗa kawai suke yi suna cin hatsi, gara a sayar da su, kuma lokacin da ya fi shi ne gab da salla, ko kafin ɗari in ba a samu yi musu rigakafi ba. Zakaran kuma a canza shi bayan shekara ɗaya ko biyu da na wani gida mai lafiya, don kar shi riƙa hawan ɗiyanshi iri shi lalace. Masu sha'awar zakaran turawa, ba mu hana ku ba, ɗiyanshi sun fi girma da yawan ƙwai. Amma sun fi ci, ba su cika kwanci ba, ba su da zafin naman gudun shirwa. Wanda bai riga ya saba da rigakafi da akurki da ƙarin abinci ba, kuɗinshi za shi zubar.

In mutuwa ta zo da yawa

Akwai wani ciwo mai kama da Niyukasal ƙwarai, har likita ba shi iya raba su da ido sai an kai gwaji: murar tsuntsaye. An tabbatar da ita a Nijar cikin Fabrairu 2006 a Magarya, jihar Damagaram, kuma ita tana iya kama mutum. Don haka in kaji ko zabi ko agwagi suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kar a yanka masu ciwon a ci, kar a kwashi saura a kai kasuwa, kar yara su taɓa su. Mai ɗaukar matattun shi sa hannunshi cikin leda, shi wanke da sabulu bayan ya gama. A rufe waɗanda suka rage, a sanar da mai gari da gidan dabbobi ranar nan, a kuma gaya wa ma'aikacin ranar da mutuwar ta fara, kaji nawa suka faɗi, da ko an shigo da wata baƙuwar kaza gidan cikin mako biyun da suka wuce.